Raunin Sabon Faifai

Naushin ya sauka a kan tebur, ƙananan kusoshin da ke cikin murfin kwalba suka yi tsalle kamar tururuwar da aka zuba wa ruwan zafi. Biyu suka gangara ƙasa. Hawainiya, tsoho mai gyaran kwamfuta, bai ɗago kai ba. Ta saman tabarau ya bi su da ido har suka tsaya, ɗaya a gindin kujera, ɗaya a gefen takalmin matar.

"Tun hantsi muke nan!" in ji mutumin. "Kai tsoho, gyara kake yi ko haihuwa kake karɓa?"

"Kwafa ake yi," in ji Hawainiya. "Ba ni ke yi ba. Su biyu ne suke magana tsakaninsu."

Ya nuna masa da haɓa. Kwamfutar matar tana kife a kan tawul, cikinta a buɗe. Tsohon faifan ajiyarta da sabon da aka sayo, wanda ya fi shi ɗaukar kaya, suna kwance gefe da gefe, waya ta haɗa su da kwamfutar shago. A kan allo wani koren layi yana jan ciki. In ka zuba masa ido sai ka rantse bai motsa ba.

Mutumin mai walda ne, ba sai an tambaya ba. Hannayensa duk tabon tartsatsi, idanunsa jajaye irin na wanda ya daɗe yana kallon wuta. Ƙato ne, in ya tsaya a bakin ƙofa sai duhu ya shigo shagon. Matarsa tana zaune a kan benci, hannunta na hagu cikin filasta, rataye a wuya da ɗankwali. Takardu take buga wa mutane, na ɗalibai da na masu neman aiki, kuma wannan kwamfuta ita ce gonar gidan gaba ɗaya. Da suka shigo mijin ne ya yi duk maganar. Faifan ya cika, a sa babba. A kwashe mata aikinta kaf, ko ɗigo kada ya ɓata. Sannan ya sunkuyo, ya rage murya, ya ce akwai wani ɓoyayyen ɗaki a ciki da ake ce wa rikoba. A rushe shi, kuma a gabansa.

Wannan ba baƙon aiki ba ne. Kamfani ke ware wa kwamfuta wannan ɗan ɗaki, ya kulle a ciki abin da za a sake girka ta da shi in ta rikice, ta koma yadda ta fito daga kwali. In an sa babban faifai, ɗakin yakan zauna a tsakani kamar katanga, ya hana tsohon fili haɗuwa da sabo, shi ya sa masu gyara kan rushe shi ba tare da wani tunani ba. Abin da Hawainiya bai saba gani ba shi ne mai walda ya san sunan ɗakin, kuma ya riƙa faɗarsa kamar sunan kwarton matarsa.

"Maigida, da wajena ka zo, da tuni kana gida kana miƙe ƙafa," wata murya ta ce daga shagon da ke manne da nasu. Nan-take ke nan, shi ma mai gyara, allon katako kawai ya raba su. Ya leƙo da kai, yana taunar tsinke. "Wannan tsohon har inda babu komai yake kwafa. Ka taɓa ganin mai tashi daga gida ya ɗaure iskar ɗaki a buhu?"

"Wurin da babu komai ma wuri ne," in ji Hawainiya.

"To ka ji! Da shi muke fama."

Gaskiya ce Nan-take ya faɗa. Sauran masu gyaran layin abin da ido ke gani suke ɗebowa su zuba a sabon faifai, kafin shayi ya huce sun sallami mutum. Hawainiya kuwa ƙwaya-ƙwaya yake bi, daga bakin faifai har ƙarshensa, da inda aka rubuta, da inda aka goge, da inda ba a taɓa takawa ba. Abin da ya ja masa sunan ke nan. Mutum ne da ba ya iya zubar da abu. Matattun faifaye yakan farke su ya ciro madubin ciki, ya rataye da zare a rufin shago, in iska ta shigo su riƙa juyawa suna watsa haske a bango kamar kifaye a ruwa. Yakan kara faifai a kunne ya ce wannan tari yake yi, wancan kuma ya kusa. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta sha ce masa da ana kwafar mutum da ya kwafe ta har da ciwon gwiwarta.

Wayar mai walda ta yi ƙara. Wani ne da aka yi wa alkawarin ƙofar ƙarfe, ana jin ihunsa tun kafin a kai wayar kunne. Mai walda ya tashi zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna matar da yatsa.

"Ke. In na dawo na tarar da bakinki a buɗe, ɗayan hannun ma zai sa farar riga."

Ya fita. Haske ya dawo.

Matar ta sunkuya ta ɗauki kusar da ke gefen takalminta, ta ajiye a murfin kwalba.

"Baba."

"Na'am, 'yata."

"In an gama, yau zan iya aiki da ita?"

"Ana ɗaurewa kina kunnawa. Faifai ba siminti ba ne da za a jira ya bushe."

"Haka aka yi mana a ofishin da na taɓa aiki. Ana sawa muka ci gaba da bugu." Ta dubi ƙofa, ta matso har gwiwarta ta taɓa tebur. "Baba, don girman Allah kada ka rushe ɗakin nan."

Sai magana ta ɓalle mata, da sauri, ƙasa-ƙasa. Ba faɗuwa ta yi a banɗaki ba, kamar yadda yake gaya wa mutane. Ranar da ta ji yana dukan ƙofar gida da ƙafa, sai ta kunna kyamarar kwamfuta ta juya ta wajen falo. Ta ɗauki komai. Ta ɗauki hannun lokacin da ya karye, ta ɗauki 'yarta, yarinya ƙarama, da ta rungume ƙafarsa ya yi jifa da ita ta bugi firji. Yayanta ya kai magana kotu, mijin ya musa, aka ce a kawo shaida. Yarinyar tana hannun uwarsa yanzu, kuma in babu shaida, ko dai ta zauna da shi ko ta tafi ta bar 'yarta. Ya gano bidiyon, ya goge, ya zubar da kwandon sharar ma.

"Amma wata ƙawata ta ce duk abin da aka goge, ɗakin nan yake komawa ya ɓuya. Ni kuma da ya ishe ni, bakina ya suɓuce na faɗa masa. Fasa kwamfutar ba zai iya ba, da ita muke ci. Shi ne ya kawo ni nan. Baba, shi kaɗai ya rage mini."

Hawainiya ya san ƙawar ba ta san abin da take faɗa ba. Babu komai a ɗakin nan sai kayan kamfani. Abin da aka goge ba ya ƙaura ko'ina, yana nan kwance inda yake a cikin faifai, sai ranar da aka ɗora wani abu a kansa. Magana ce da za a faɗa a numfashi ɗaya. Amma shi bai taɓa shiga magana ta ƙofar gaba ba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.

"Kin taɓa zama a gidan haya, 'yata? In mai gida ya kori ɗan haya, me yake fara yi?"

"Baba, zai dawo."

"Sunan da ke jikin ƙofa yake fara gogewa. To amma shi mutumin, da tabarmarsa da butarsa..."

Duhu ya shigo shagon.

Mai walda ya dube ta, ya dubi tsohon. Ta riga ta koma kan benci, idonta a ƙasa. A daidai lokacin koren layin ya kai bango, kwamfuta ta yi ɗan tsuwwa.

"Ya gama?"

"Ya gama."

"Nuna mini."

Hawainiya ya buɗe taswirar sabon faifan. Ga dogon fili mai ɗauke da aikin matar, ga wani siririn yanki kamar tsinken ashana a tsaye, ga kuma baƙin fili a bayansa, sabo, ba kowa a ciki.

"Wanne ne?"

"Wannan siririn."

"Ɗan wannan?" Mai walda ya yi dariya ta hanci. "Ɗan wannan ne zai kai ni gidan yari? Rushe shi."

Tsohon ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, amma bai danna ba. So yake ta ɗago su haɗa ido, ko ya girgiza mata kai, ko ya yi mata wata alama da za ta gane ba a nan dukiyarta take ba. Ya leƙa ta gefen hannun mijin. Kuskurensa ke nan.

"Me kake kallo?" Muryar mai walda ta yi sanyi. "Ta yi maka magana ko?"

"Ba ta..."

Kafin ya ƙarasa matar ta taso. Da hannu ɗaya ta daka tsalle kan tebur tana neman fizge wayar da ta haɗa faifayen. Ba ta kai ba. Bayan hannun mai walda ya tare ta a baki, ta tafi da baya, kanta ya shiga cikin madubban da ke rataye. Zare ya tsinke, faifaye suka zubo suna ƙara kamar an kifar da tiren cokula. Ta faɗi a kan benci, bencin ya kife da ita. Jini ya fito mata ta gefen leɓe. Ya bi ta, ya kama ɗankwalin da ke riƙe da karyayyen hannun, ya ɗago ta da shi. Ƙarar da ta yi ta tsayar da injin niƙa a ƙarshen layi.

"Ban ce ki rufe baki ba? Ban ce ba?"

Hawainiya bai taɓa dukan ko akuya ba. Abin da ke kusa da hannunsa shi ya ɗauka, ƙarfen dalma da ke kan wuta tun safe. Ya zagayo tebur ya manna shi a damtsen mutumin. Fata ta yi cuu, wari ya tashi.

Mai walda ya saki matar. Ya dubi damtsensa, ya dubi tsohon, kamar wanda sauro ya ciza a masallaci.

"Ni za ka ƙona? Tsoho, ni da wuta nake karin kumallo."

Ya fizge ƙarfen ya yi jifa da shi waje. Ya kama Hawainiya a wuyan riga ya buga shi da bangon katako, har kayan Nan-take suka zubo a ɗaya gefen. Tabarau ya faɗi, takalmi ya bi ta kansa. Sannan ya ja hannun daman tsohon, ya buɗe aljihun tebur, ya cusa yatsun a baki, ya rufe da gwiwa. Hawainiya ya ji ƙarar kafin ya ji zafin. Ƙara ce irin ta busasshen kara. Da zafin ya iso, sai shagon ya yi fari fat, madubban da suka rage a rufi suka zama rana goma.

"Kai! Kai maigida! Za ka kashe shi!"

Nan-take ne ya shigo da gudu ya rungumi mutumin ta baya. Gwiwar hannu ɗaya ta same shi a hanci, ya zauna a ƙasa daɓas yana kallon jininsa a tafi kamar an ba shi ajiya.

Mutane sun cika bakin ƙofa. Mai sayar da caja, mai ɗinkin takalmi da gudumarsa a hannu, mata biyu da suka zo sayen batir. Wani yana cewa a yi haƙuri, wani yana cewa a kira masu gadi, wata tana cewa sha'anin miji da mata sai Allah. Ba wanda ya tsallako dokin ƙofa. Hawainiya ya san layin nan. Kowa ya gani yau, gobe in aka tambaya kowa ya je salla a lokacin.

Mai walda ya ja shi ya zaunar a kujera, ya kama hannun hagunsa ya ɗora a kan linzami.

"Wannan yana aiki ai. Rushe."

"Baba!" in ji matar daga ƙasa. "Baba, kai ma kana da 'ya!"

Ba tabarau, allon ya zama hazo. Ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilas, ya lalubi siririn yankin. Ya duba sau biyu ya tabbatar sabon faifan ne, ba tsohon ba, ya tabbatar siririn ne, ba dogon ba, don ko da yatsu a karye ba zai rushe wa mutum ɗakin da ba shi ba. Ya danna. Kwamfuta ta tambaye shi, cikin ladabinta, ko ya tabbata. Ita kaɗai ce a shagon ta tambayi ra'ayinsa. Ya sake dannawa. Tsinken ashanar ya ɓace. Ya ja dogon filin ya haɗe da baƙin, suka zama ɗaya.

Matar ta miƙe a hankali, tana dafa bango. Ba ta yi kuka ba. Ta tako har gabansa, ta tara abin da ke bakinta, yawu da jini, ta tofa masa a gemu.

"Allah ya isa," ta ce. "Tsohon banza. Da ma kanku ɗaya ne."

Nan-take mutum ne da ba ya iya ganin mace cikin wannan hali ya yi shiru. Bakinsa kuma, kamar aikinsa, ba ya jiran kansa. Yana riƙe da hanci ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki mana. Ai tsohon faifan yana nan, ba a taɓa shi ba. In wani abu ne ya ɓata, ana iya tono shi daga..."

Ya katse maganar, don ya ga yadda Hawainiya ya rufe ido.

Mai walda ya juya a hankali. "Ana iya me?"

Ya miƙa hannu ya fizge tsohon faifan daga wayarsa. Ɗan abu ne, bai kai tafinsa ba. Ya tafi bakin ƙofa ya karɓe gudumar mai ɗinkin takalmi. Ya ajiye faifan a kan simintin dokin ƙofa ya durƙusa. Dukan farko murfin ya lotsa. Na biyu wani abu ya fashe a ciki. Bai tsaya ba. Ya yi ta duka yana nishi, kamar mai miƙar da ƙarfen gado, mutane suna ja da baya suna kare ido, har abin ya zama faifai na gaske, shimfiɗaɗɗe kamar murfin gwangwani da mota ta taka. Ya ɗaga ya girgiza a kunne. Madubin ciki ya zama yashi, yana ɗan shuu, shuu.

"To a tono," ya ce, ya jefa wa matarsa a ƙafa.

Ta dubi abin. Sannan ta zauna a kan kifaffen benci.

Hawainiya yana rungume da hannunsa a ƙirji. Yatsu biyu sun kumbura sun karkace, suna kallon inda ba a aike su ba. Zafin yana zuwa yana komawa kamar mai neman bashin gaisuwa. Amma a tsakanin zuwa da komawar, wani tunani ya zauna masa daram. Tun hantsi koren layin nan yake jan ciki, yana kwasar inda aka rubuta da inda aka goge. Bidiyon nan, ɗan hayan da aka goge sunansa a ƙofa, ya riga ya ƙaura, da tabarmarsa da butarsa. Yana nan kwance a sabon faifan da ke kan tebur, a wani lungu da kwamfuta ke ɗauka fili ne. Abu ɗaya ne zai kashe shi yanzu: a kunna ta, a ci gaba da bugu, sabbin takardu su sauka a kansa.

"A ɗaure mini kayana," in ji mai walda. Fushin ya fara sauka, yana haki, yana duban ƙunar damtsensa. "Kai mai hanci, tashi ka ɗaure. Tsohon ya tashi daga aiki."

Nan-take ya tashi. Ya zura sabon faifan a gurbinsa, ya mayar da murfi, ya bi kusoshi yana ɗaurewa, jini yana ɗiga a kan tawul. Ɗaya ta ɓace, ya bar ramin haka. Ya juya kwamfutar ya buɗe. Mai walda ya miƙa babban yatsa wajen maɓallin kunnawa.

"Kada ka kunna!"

Muryar ta fito da ƙarfin da Hawainiya bai san yana da shi ba. Yatsan ya tsaya.

"Don me?"

"Rauni ne da ita." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Ɗaki aka rushe a cikinta. Kai maƙeri ne, ka sani. In ka yanke ƙarfe ka liƙe, kana ɗora masa kaya da zafinsa?"

Mai walda ya janye yatsansa. "A'a. Sai ya huce."

"To ita ma haka. Inda aka cire katangar ɗanye ne. In wuta ta shiga yau, wurin zai buɗe, aikin matarka duk ya zube, kai kuma ka san me kuke ci. Ta kwana a rufe. Kada a kunna, kada a jijjiga, kada a bari ta bugu da wani abu. Gobe a dawo mini da ita in duba ɗinkin, in sa kusar da ta ɓace. Daga nan ta warke."

Nan-take ya buɗe baki. Shekara da shekaru yana canza faifai bai taɓa jin wannan shirme ba, kuma ga shi a kan harshensa zai faɗa. Sai idonsa ya sauka a kan allon shago, inda koren layin yake tsaye cikakke daga bango zuwa bango. Ya dubi tsohon. Tsinken da ke bakinsa ya faɗi.

"Haka ne," ya ce. "Wallahi haka ne, maigida. Wani ya yi gardama a nan layin, ya kunna da zafinta. Har hoton aurensa bai tsira ba."

"Gobe ina da ƙofar mutane," in ji mai walda. "Ba ni da lokacin zaman shagon mahaukata." Ya juya wajen matarsa. "Ke za ki kawo. Ki kawo da kanki, a gama, ki wuce gida ki kama aiki. Kin ji ni?"

Ba shi take kallo ba. Tun da tsohon ya ce rauni ta ɗago kai, goshinta a tattare. Ɗazu-ɗazu, da wannan bakin, ya ce mata faifai ba siminti ba ne. Ana ɗaurewa ana kunnawa. Ita kanta ta gani da idonta a ofis. To me zai sa mutumin da aka karya wa yatsu, aka tofa wa yawu, ya zauna yana ƙirƙirar ƙarya don kawai a dawo masa da kwamfuta, ba tare da mijin ba? Ta dubi madubban da suka zube a ƙasa, matattun faifayen da ya ƙi zubarwa. Ta dubi koren layin. Leɓenta ya motsa, kamar tana maimaita wata magana da aka fara mata ba a ƙarasa ba, ta gidan haya da sunan da ke jikin ƙofa.

Hawainiya bai goge gemunsa ba. Ya bar abin yana nan, ya dube ta da idanun da ba sa gani sosai.

"Ke, ba da ke nake ba?" in ji mai walda.

"Na ji," ta ce. Ta miƙe, ta gyara ɗankwalin a wuya, ta share jinin bakinta da gefen mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo duka ba. "Baba, yaushe kake buɗewa?"

Akwai labari a bakinsa, na wani tsuntsu da ke zuwa rufin shagon kowace safiya kafin kowa. Ya haɗiye shi.

"Da sassafe," ya ce. "In yayanki yana kusa, ya rako ki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar kaya."

"Wa zai rako ta, ba ruwana," in ji mai walda. "A dai gama."

Ya naɗe kwamfutar a cikin tawul ɗin, da jinin Nan-take da komai. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya kwantar a ƙirji, ya tsallake dokin ƙofa a hankali kamar mai fita da jariri daga asibiti. Matar ta bi bayansa. Mutane suka dare.

"Hawainiya, tashi mu je a ɗaure hannun nan," in ji Nan-take.

"Bari tukuna. Kusar nan tana gindin kujera. Ɗauko ka sa a murfi, za a neme ta gobe." Ya numfasa. "Kuma gobe kai ne hannuna. A hankali za ka yi."

"Ni? A hankali?"

Tsohon ya karkata kai yana saurare, yadda yakan saurari faifai. Can cikin layin, tsakanin masu turin baro da masu babur, ana jin muryar mai walda tana tashi sama da hayaniyar kasuwa.

"Hanya! Ku ba ni hanya! Wanda ya buge mini ita, sai na karya shi!"